Daga Maraɗi zuwa Nyelwa, Neman Asalin Yashin Gulbi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kimiyyar rayuwa da ƙasa a wata kwaleji da ke cikin garin Maraɗi, kuma duk shekara idan muka iso darasin duwatsu a aji na uku, abin da nake yi bai wuce in zana hoto a allo in jera sunaye da Faransanci ba, yara su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su mayar mini da abina. A bara ne wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu nan Maraɗi ai ba mu da dutse, ko'ina yashi ne. To shi yashin daga ina ya zo?" Na gaya mata cewa yashi ɓurɓushin dutse ne, amma na gani a fuskarta cewa maganar ba ta shige ta ba, domin tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗora hannu a kan dutsen da ake cewa ya ɓurɓushe ba. Tambayar nan ce ta sa, bayan an kawar da amfanin gona sanyi ya fara shigowa, na nemi wani tsohon ɗalibina da ya karanta ilimin ƙasa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, na ce masa ya goya ni a babur ɗinsa mu bi Gulbin Maraɗi zuwa kudu, inda ruwansa yake fitowa, har mu tarar da dutsen.

Mun yi sammako ranar Asabar. A cikin jakata akwai guduma, da ƙusa, da ɓallin kwalba, da gutsuren farin tangaran, da mayen ƙarfe, da madubin ƙara girma, da lemun tsami guda uku. Kafin mu bar gari muka gangara cikin gulbi, wanda a lokacin ya ƙafe sai ƴan kududdufai, muka tarar masu amalanke sun riga mu suna loda yashin gini. A wannan kwarin ne tsohon garin Maraɗi yake kafin ambaliyar 1945 ta cinye shi a komo kan tudu, saboda haka mutumin Maraɗi ba ya bukatar a gaya masa cewa gulbin nan yana ɗauko kaya ya ajiye. Na dumbuzi yashi na baza a tafin hannu na ɗora madubi. Mafi yawan ƙwayoyin garau suke kamar gutsattsarin kwalba, wasu ƴan kaɗan jaja-jaja ne masu dishi-dishi, sai kuma wasu ƴan falle-falle da ke walƙiya idan rana ta taɓa su. Na ƙulla shi a leda na rubuta inda na ɗebo, muka hau kwalta ta hanyar Ɗan Isa.

A Jiratawa muka fara yada zango, a gidan wata dattijuwa mai ginin tukwane. Muka gaisa, na ce, "Inna, yumɓun nan naki ina kike samo shi?" Ta nuna mana wajen fadama, ta ce ba kowace laka ce ke yin tukunya ba, akwai wadda idan ka murza ta tsakanin yatsu za ka ji ƙasa-ƙasa, wannan ba ta riƙe gini, akwai kuma mai santsi kamar man shanu wadda idan an gina ta ita kaɗai sai ta tsage wajen bushewa, dole a cuɗa ta da dakakken katanga, wato gutsattsarin fasasshiyar tukunya. Na karɓi curi guda na murza, na ji santsin da take faɗa. Abin da dattijuwar nan take aunawa da yatsunta shi ne girman ƙwaya, kuma da shi ne masana suke raba tsakuwa da yashi da laka. Ƙwayar laka ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganin ta, siffarta kuma falle-falle ce, shi ya sa idan ruwa ya shiga tsakaninsu suke zamewa a kan juna har a iya lanƙwasa su yadda ake so. Manoman wajenmu da ke raba ƙasa zuwa jigawa da geza da fadama su ma a kan wannan ma'auni suke, ko da ba su taɓa shiga aji ba.

Can gaba kaɗan muka ga ana haƙar rijiya a gefen wani lambun zogale, muka tsaya. Mai haƙar, dattijo ne mai furfura a gemu, ya zuba abin da ya fitar tsibi-tsibi a bakin ramin bisa ga yadda ya tarar da su, sai ya zama kamar an buɗe mana cikin ƙasa an shimfiɗa a fili. Ya ce, "Daga sama rairayi ne, sai jar ƙasa, sai wannan mai tauri da ke cin bakin diga, sai tsakuwa. Idan na ga tsakuwar nan mai sulɓi, to ruwa ya kusa." Na ɗauki guntun mai taurin na kankare shi da ƙusa, ƙwayoyin yashi suka zubo. Yashi ne da ya kwanta hawa-hawa, nauyin abin da ke bisansa ya danne shi, ruwan da ke ratsa shi ya bar ƙarfe da wasu ma'adinai a tsakanin ƙwayoyin suka liƙe su, har ya zama dutse. Irin wannan ne nake kira dutsen shimfiɗa idan ina yi wa yara bayani da Hausa, kuma a kansa garin Maraɗi yake zaune, a gefen wani makeken kwari da masana ke kira Iwillimmidan, wanda ya miƙa har Tawa da Sakkwato. Dutsen yashin da ke ƙarƙashinmu ya kwanta tun zamanin da ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa su ne ke riƙe ruwan da muke sha. Arzikin Nijar da yawa a cikin wannan jinsin dutse yake: yuraniyom na Arlit a cikin dutsen yashi ake haƙo shi, gawayin Anu Araren a shimfiɗe yake tsakanin hawa da hawa, farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza kuwa ragowar halittun teku ne da ya taɓa rufe ƙasar Adar. Na matsa lemun tsami a kan guntun da ke hannuna bai yi komai ba. Da na Malbaza ne, da an ga ƴan kumfa suna tasowa, domin ma'adinin kalsit da ke cikinsa ba ya jure tsami.

Tsakuwar ta fi ɗaukar hankalin ɗalibina. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya fara mai sulɓi kamar ƙwan zabo ya ce, "Malam, wannan ta yi tafiya." Gaskiyarsa, domin dutse ba ya fashewa da sulɓi. Sai ruwa ya gangaro da shi nesa, yana gwara shi da ƴan'uwansa, kafin kaifinsa ya tafi. A wani ramin da ake ɗibar burji a bakin hanya kuma muka samu marmara, ja mai ramuka kamar saƙar zuma. Na goga gutsurenta a bayan tangaran ta bar jan zane mai duhu, alamar ƙarfe ke nan. Marmara takan samu ne inda ruwan sama da zafi suka daɗe suna wanke ƙasa har suka tafi da duk abin da ke narkewa suka bar ƙarfe, kuma daga mai nauyin cikinta ne maƙeran da suke zaɓo tama su narka.

Mun wuce Ɗan Isa da hantsi, kimanin kilomita arba'in daga Maraɗi, muka saki kwalta muka bi hanyar ƙasa zuwa wajen Nyelwa, kusa da inda gulbin yake shigowa Nijar bayan ya baro madatsar Jibiya. Tun kafin mu isa ƙasa ta sauya ƙarƙashin tayar babur, rairayi ya ragu, tsakuwa mai kaifi ta yawaita, sai ga wani falalen dutse ya fito daga cikin gona kamar bayan giwa, an shanya barkono a gefe ɗaya nasa. Na sauka na ɗora tafin hannuna a kai, na daɗe ban ɗauke ba. Shekara da shekaru ina rubuta kalmar giranit a allo, ashe tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce tsakanina da shi.

Fuskar dutsen ta yi baƙi saboda rana da ruwa, don haka sai da ɗalibina ya sa guduma ya ɓalle gefe kafin cikinsa ya bayyana. A nan ne bambancin dutse da ma'adini yake fitowa fili, abin da yara suka fi rikicewa a kai. Dutse kamar dambu yake, idan ka duba za ka ga tsaki daban, zogale daban, albasa daban. Ma'adini kuwa shi ne kowane ɗaya daga cikin kayan haɗin, yana da sinadarinsa da ba ya sauyawa da tsarin da ƙwayoyinsa suke jeruwa a kai. A cikin giranit ɗin nan ma'adini uku ne suka fi yawa. Akwai mai garau kamar kwalba, shi ne kwars, wanda Bahaushe ya sani da ƙanƙara. Akwai ja-ja mai fuska a daidaice da ke maido hasken rana idan an karkata shi, shi ne feldispat, wanda danginsa suka kai kimanin rabin ɓawon ƙasa. Sai baƙi mai sheƙi da na sa bakin ƙusa na ɓamɓaro shi falle-falle kamar bawon albasa, shi ne mika. Na kwance ledar yashin da na ɗebo da asuba na zuba a gefen guntun, muka ɗora madubi. Su ne dai ukun nan, sai dai a cikin yashin kwars ya rinjaye, feldispat ya kusa ƙarewa.

Dalilin haka yana nan a gindin falalen, inda dutsen ya ruɓe har ana iya marmasa shi da hannu. Ruwan sama yana da ɗan tsami-tsami, kuma idan ya daɗe yana jiƙa feldispat sai ya mayar da shi laka, mika ma ta ruɓe, ƙwayoyin kwars da ba ruwansu da tsamin su rasa abin da ke riƙe da su, su zube. Damina ta kwashe duka ta zuba a gulbi, yashi mai nauyi ya kwanta a tsakiyar kwari inda ruwa ke gudu, laka kuma ta yi ta yawo a cikin ruwa sai ta samu wuri mai kwanciya a fadama ta zauna. Ke nan yashin masu amalanke da yumɓun dattijuwar Jiratawa uwarsu ɗaya, ruwa ne ya raba musu gado.

Shi kansa giranit narkakken dutse ne da ya daskare, shi ya sa nake kiran jinsinsa dutsen narke. Zafin ƙasa yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita da aka nutsa, kuma a can ƙasa, inda zafi ya kai wajen digiri 700 kuma akwai ɗan ruwa a cikin dutse, yakan narke ya zama kamar kunu mai kauri. Idan ya huce a can ciki, a hankali cikin dubban shekaru, kowane ma'adini yana samun sukunin girma har ido ya gan shi, kamar yadda muke gani a wannan guntu. Idan kuwa ya yi aman wuta ya fito sarari, sai ya daskare da gaggawa ƙwayoyinsa su kasance ƙanana ƙwarai, irin baƙin dutsen da ake samu a wasu wurare a Abzin. Saboda haka girman ƙwaya kaɗai ya isa ya gaya maka inda dutse ya huce. Giranit ɗin nan na Nyelwa da muke zaune a kansa ya huce ne a ƙarƙashin kilomitoci na wasu duwatsun, a lokacin wani babban motsin ƙasa da ya haɗa sassan Afirka wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma duk abin da ya rufe shi ruwa da iska sun kwashe.

Muna cikin haka wani tsoho da ke sassaƙar dutsen niƙa a inuwar wata tsamiya ya taso ya zo ganin abin da muke yi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, me ya sa ba ka sara daga wancan da ya fi kusa da kai?" Ya ce, "Wancan mai zane ne, ɗana, yana da hanya. Idan ka buge shi ta hanyarsa sai ya tsage kamar itace, ba ya yin maniƙa." Ya kai mu ya nuna mana, a cikin wata ƴar korama. Dutse ne mai ratsi fari da baƙi, ratsin ya lanƙwashe ya nannaɗe kamar an murɗe zane. Wannan shi ne ginesi, kuma ma'adinansa su ne dai na giranit, amma sun jeru layi-layi. Jinsi na uku ke nan, dutsen rikiɗa, wanda zafi da matsi suka sauya shi ba tare da ya narke ba, kamar yadda maƙeri yake gasa ƙarfe ya yi ja ya buge shi ya miƙe, alhali bai zama ruwa ba. Idan ƙasa ta matse dutse daga gefe biyu, ma'adinai masu falle irin mika sukan juya su kwanta a fuska ɗaya, wannan ce hanyar da tsohon yake nufi. Laka idan ta sha irin wannan matsi takan zama shist, wani dutse mai tsagewa falle-falle, farin dutsen siminti ya zama marmar, dutsen da ake gogewa a yi ado da shi a gini (ba marmara ba), dutsen yashi ya zama wani mai taurin gaske da ƙwayoyinsa suka haɗe. A ganina babu littafin da ya bayyana bambancin giranit da ginesi fiye da yadda tsohon nan ya yi da kalma ɗaya, kuma abin takaici ne a ce jikokinsa suna zuwa makaranta suna faɗuwa a wannan darasi.

Shi ne kuma ya ɗauko farar ƙanƙara daga wata jijiya da ta ratsa dutsen, ya ƙyasta ta da bayan wuƙarsa tartsatsi ya tashi, ya ce da haka iyayensu suke kunna wuta. Tartsatsin ba daga dutsen yake ba, ɗan ɓurɓushin ƙarfe ne da ƙanƙara ta kankaro ya kama da wuta, domin ta fi ƙarfen tauri. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ne ya tsara ma'aunin tauri a 1812, daga 1 zuwa 10, bisa ƙa'idar cewa mai tauri yana zana wanda bai kai shi ba. A ma'aunin nan farcen mutum yana wajen 2 da rabi, kalsit 3, wuƙa da kwalba wajen 5 da rabi, feldispat 6, kwars 7, lu'ulu'u, wato daimon, 10. Na ba tsohon ɓallin kwalba ya ja ƙanƙarar a kai, ta bar zane mai zurfi, ya jinjina kai. Launi shi ne abin da ido ya fara kamawa, amma shi ya fi yaudara, domin kwars ɗaya yana zuwa fari da ruwan hoda da shuɗi-shuɗi da baƙi-baƙi. Tauri da launin zane da nauyi da yadda ma'adini yake tsagewa sun fi shi riƙon amana.

Amfanin wannan ya bayyana bayan azahar, da muka gangara bakin gulbi muka tarar da wasu samari suna wanke ƙasa a tasa. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai wuce shekara ashirin ba, ya ga guduma a hannunmu ya matso ya kwance wani tsumma, ya nuna mini gutsuren ƙanƙara mai ɗigo-ɗigon rawaya masu walƙiya, ya ce, "Malam, don Allah duba mini." Na sa ƙusa a kan ɗigon, ƙusar ta zame ba ta shige shi ba. Na goga shi a tangaran ya bar zane baƙi mai ɗan kore. Na ɗan buga shi ya marmashe. Na gaya masa gaskiya cewa pirit ne, ƙarfe da farar wuta, ba zinariya ba. Zinariya taushi gare ta, taurinta bai wuce 3 ba, ƙusa tana shiga cikinta, idan an buge ta baje take yi, zanenta kuma rawaya ne. Ta ninka ruwa nauyi sau 19, alhali pirit sau 5 ne, kwars bai kai sau 3 ba, kuma wannan nauyi ne ya sa take zama a gindin tasa idan an karkaɗe sauran. Yaron ya yi shiru, sannan ya roƙi gutsuren tangaran ɗin, na karya na ba shi rabi.

Ban iya barin wurin ba sai da na yi musu maganar da ta fi wannan nauyi. A watan Nuwamba na 2021 ramukan haƙar zinariya sun rufta a Garin Liman, nan cikin ƙasar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Na marmasa ruɓaɓɓen giranit a gabansu na ce su duba, abin da suke gani kamar dutse a bangon rami sau da yawa irin wannan ne, feldispat ɗinsa ya riga ya zama laka, idan ya jiƙa ko aka rarake ƙarƙashinsa babu abin da zai riƙe shi. Na kuma tuna musu abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje alhali yana ɗauke da dalma, ƙurar ta shiga abinci da hannuwan yara, fiye da yara 400 suka mutu. Ma'adinin dalma ba shi da wuyar ganewa, launin toka gare shi mai sheƙi, yana da nauyi a hannu, yana fashewa gida-gida masu kusurwa huɗu, shi ne wanda ake sayarwa a kasuwa a matsayin tozali. Na ce duk dutsen da suka ga yana da shi kada su kai shi gida, kada a daka shi a turmin abinci, kuma hayaƙin zaiba da ake ƙonawa wajen tace zinariya guba ne ga ƙwaƙwalwa. Sun saurara, biyu daga cikinsu suka yi ta tambaya, sauran suka koma ga tasoshinsu.

Ba a son dare ya riski mutum a wannan yanki na bakin iyaka, don haka da la'asar muka ɗaure buhu a bayan babur muka juyo, muka shiga Maraɗi ana kiran magariba.

Ranar Litinin na jera guntayen a kan tebur, kowanne da takardar inda aka ɗauko shi, na raba ƙusoshi da ɓallayen kwalba, ajin ya cika da ƙarar kankara. Yarinyar da ta yi tambaya ta riga ta wuce aji na huɗu, sai na aika aka kira ta. Na ba ta curin ruɓaɓɓen giranit na ce ta marmasa shi a cikin kofin ruwa ta motsa. Ruwan ya yi fari-fari da laka, ta tsiyaye shi a wani kofi, ta sake wankewa har sau uku, abin da ya rage a gindi ta juye a kan takarda kusa da yashin da na ɗebo a gulbi. Ta ɗora madubi a kan wannan, ta ɗora a kan wancan, ta ce na gulbin ya fi sulɓi, nata kuma yana da kaifi. Na tambaye ta dalili, ta ce nata bai yi tafiya ba tukuna. Kofin lakar kuwa muka ajiye shi a bakin taga, washegari ruwan ya kwanta, ta kwashe abin da ya taru a gindi ta murza tsakanin yatsunta.